Filin Da Ke Jiran Gyara: Wa Ke Riƙe Da Shi Kafin Aiki Ya Zo?

  Barka ga iyayenmu mata da ke gida. Barka ga 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Sabon Gari. Barka ga direban da ya kunna rediyo yana jiran cunkoson Titin Ibrahim Taiwo ya sassauta.

Yau maganar fili za mu yi. Filin da gwamnati ta karɓa da niyyar gyaran muhalli. Wato don a buɗe wa ruwa hanya, ko a dasa itatuwa, ko a tare zaizayar ƙasa. An karɓi filin. An biya diyya, ko an yi rusau. Amma aikin bai iso ba tukuna. Wata shida. Shekara biyu. Wani lokaci shekara goma.

To, a wannan tsakani, wa ke riƙe da filin?

Ku riƙe tambayar nan, domin za mu yi ta komawa kanta. Za mu fara daga unguwarmu. Daga nan mu leƙa doka. Sai mu ga yadda wasu garuruwa suka yi, kafin mu dawo gida.

Bari mu fara da ruwa.

Mai sauraro, idan an yi ruwan sama a Fagge, nan Kano, ina ruwan yake zuwa? Yana bin lambatu. Lambatu ya kai shi babbar kwata. Mafi yawansa ya ƙare a Jakara. Rafin Jakara daga cikin birni ya taso. Ya ratso ta Fagge, ya wuce ta gefen Sabon Gari, ya bi ta wajen titin filin jirgi. A gaba ya haɗu da rafin Getsi, mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. Daga nan sai madatsar ruwa ta Wasai.

Wannan hanya ruwa ya san ta tun kafin a haifi kakanninmu. Idan aka toshe ta, ruwa ba ya fasa tafiya. Wata hanyar yake nema. Kuma hanyar da yake samu ita ce shagonka, ko tsakar gidanki.

Mun gani a watan Agustan 2022. Ruwa ya shiga Kantin Kwari. Ya jiƙa atamfa da shadda da leshi na maƙudan kuɗi. Bayan nan kowa bakinsa ɗaya: an yi gini a kan hanyar ruwa. Aka yi ta kiran a rushe, a buɗe magudanai.

Rushewa aikin kwana ɗaya ne. Katafila ta zo da safe, kafin la'asar an gama. Gyara kuwa aikin shekaru ne. Ku dubi aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda muka fi sani da titin Wuju-Wuju. An fara shi a wa'adin Gwamna Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Niyyar ita ce a killace rafin, a shimfiɗa titi a kansa. Aikin ya tsaya shekara da shekaru bai kammalu ba. Mutanen da ke zaune a bakinsa su suka zauna da abin da tsayawar ta haifar: shara, wari, sauro.

Ku dubi kuma filin Idi, wanda ba shi da nisa da Kantin Kwari. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a kewayensa a zamanin gwamnatin Ganduje, ta ce za ta maido da filin yadda yake. Katafila na juya baya, matasa suka shiga ɗibar rodi da ƙofofi. Masu shaguna suka tafi kotu. A watan Satumba na shekarar, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30. Daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3.

Ba na nan don in yanke hukunci tsakanin gwamnati da gwamnati. Abin da nake so ku lura da shi ɗaya ne. Tsakanin ranar rusau da ranar gyara akwai wani lokaci mai tsawo. A wannan lokaci ne ake samun fili, a wannan lokaci ne kuma ake rasa shi.

Yanzu sai kashi na biyu. Me ya sa aiki yake jinkiri? Kuma me doka ta ce?

Tun 1978 Najeriya take da Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe su amana saboda jama'a. Ku ji kalmar: amana. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke takardar mallakar fili idan buƙatar jama'a ta rinjayi ta mutum ɗaya. Sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya a kan abin da mutum ya gina ko ya shuka a wurin. Saboda haka idan aka karɓi fili, bai zama marar mai shi ba. Ya koma hannun mai riƙon amana. Mai riƙon amana kuwa ba ya jiran kwangila ta fito kafin ya kula da abin da aka ba shi.

Jinkirin kansa ba kullum ne sakaci ba. Akwai matakai. Masu awo za su auna. Injiniyoyi za su zana. Tun 1992 doka ta wajabta a binciki tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Wato a tambaya: wannan aiki, wa zai amfana, wa zai cutu? Sai kasafin kuɗi. Sai ba da kwangila. Idan wani ya kai ƙara, sai a jira kotu. Idan damina ta sauka, sai a jira rani. Idan gwamnati ta sauya, a nan ne jira ya fi tsawo.

Ga misali shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disambar 2021. Dala miliyan 700 ne, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, don farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Kano na ciki. Irin wannan shiri ba ya sa katafila a fili sai an ƙidaya mutanen da abin zai shafa, an tsara yadda za a biya su. Wannan tsari alheri ne. Amma yana cin lokaci. Filin kuma yana nan, rana na dukansa, ido na kansa.

To mu shiga kashi na uku. Me ke faruwa da filin da aka bari ba mai kula?

Kun san amsar, domin a gabanku ake yi. Amma bari mu bi ta daki-daki.

Makon farko, wani ya aiko yaro da bokitin shara da daddare. Bokiti ɗaya ne. Ba wanda ya yi magana. Mako na biyu, mai baro ya gano wurin. Kafin wata ya cika, an samu bola. Leda, robar ruwa, ɓaraguzan gini, har da gawar akuya. Iska ta kwashi ledar ta kai lambatu. Lambatu ya toshe. Wato filin da aka karɓa don maganin ambaliya, shi ne yanzu yake ciyar da ambaliya.

Damina ta zo. Ramukan da rusau ya bari suka cika da ruwa. Sauro ba ya buƙatar tafki. Ruwan da ya kwanta mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi ya ƙyanƙyashe. Uwar gida, zazzaɓin da ya kwantar miki da yaro a watan Satumba, wataƙila daga wancan kangon ya taso. Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Yara na zuwa wanka a irin waɗannan ramuka, kuma ba su san zurfinsu ba.

Daga nan sai mai tebur ya zo. Yana neman abincin iyalinsa ne, ban ga laifinsa ba. Tebur ya zama rumfa. Rumfa ta zama kwantena. Wata rana da asuba sai ka ga an jera bulo layi uku. Sai ka ji wani yana karɓar kuɗin wuri duk wata, alhali ba wanda ya san wanda ya naɗa shi. Can kuma sai dillali ya ɓullo da takarda, yana cewa an yanka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar da kuɗin aiki suka fito, ɗan kwangila ya zo ya tarar da unguwa sabuwa. Sai a sake rusau. A sake kuka. A sake shari'a. Talakan da ya sayi wurin da guminsa shi ne zai yi asara, wanda ya sayar masa kuwa ya daɗe da ɓacewa. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a cikin maganar nan gaba ɗaya.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Yamai, babban birnin Nijar, tun 1965 aka fara dasa wata ƙawanyar itatuwa a kewayen gari, don ta tare iska da ƙura. Da gari ya bunƙasa, aka yi ta gutsurarta, ana yanka filaye ana gini a ciki. Mu ma muna da badala, muna da kududdufai da aka cike aka gina. Ba rana ɗaya suka tafi ba. Taku-taku suka tafi.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan filin da gwamnati ta karɓa domin gyaran muhalli, aikin kuma bai zo ba. Tambayarmu ita ce, wa ke riƙe da shi a tsakani?

Mun iso kashi na huɗu. Me ya kamata a yi?

Masana suna kiran abin da riƙon wucin gadi. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Kamar ɗakin da aka kama wa amarya ne, tarewa ta yi jinkiri. Ba a barinsa a buɗe. Ana kullewa, ana sharewa, kuma kowa a gidan ya san wanda makulli yake hannunsa.

Abu na farko shi ne mai makullin. Fili ya samu mai kula, da sunansa, tun ranar da aka karɓe shi. A Kano muna da KNUPDA mai tsara birni. Muna da REMASAB mai kwashe shara. Muna da Ma'aikatar Muhalli, da KANGIS mai ajiye bayanan filaye, ga ƙaramar hukuma. Kowace na da hannu a ciki. Amma idan hannu ya yi yawa ba a ce wane ne jagora ba, sai kowa ya zaci ɗan'uwansa ne ke dubawa. A ra'ayina, takardar da ta soke mallakar fili bai kamata ta fita ba sai an rubuta hukumar da za ta riƙe shi, da kuɗin da za ta riƙe shi da su. Sannan a sanar da hakimi, da dagaci, da mai unguwa. Mai unguwa ne yake kwana kusa da filin. Shi zai fara jin ƙarar saukar bulo.

Sai iyaka da ido zai gani. Ba dole sai katanga mai tsada ba. Doguwar katanga ma wani lokaci maɓoya take zama. Turaku sun isa, da allo mai rubutun Hausa, da boko da ajami. Allon ya faɗi abu uku: filin na jama'a ne, ga aikin da za a yi, ba na sayarwa ba ne.

A nan bari in kai ku Amurka, birnin Filadelfiya. Suna da dubban filaye da aka yi watsi da su. Wata ƙungiyar masu lambu ta birnin ta ɗauki hanya mai araha. A kwashe shara. A baje ƙasa. A shuka ciyawa da 'yan itatuwa. A kafa gajeren shinge na katako wanda yaro ma zai iya tsallakewa. Sannan a riƙa dawowa ana gyarawa. Masu bincike suka bi filaye 541, suka fitar da sakamako a 2018. A unguwannin da suka fi talauci, harbe-harben bindiga ya ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da aka gyara. Shingen bai hana kowa shiga ba. Sanarwa kawai yake yi cewa wurin nan akwai mai kula da shi.

Mu ba bindiga ce babbar damuwarmu a kango ba. Shaye-shaye ne, da 'yan daba, da masu ƙwacen waya da ke fakewa da duhu. Amma darasin ɗaya ne. Wurin da ake sharewa, ake kunna wa fitila, ake wucewa ta cikinsa, ɓata-gari ba ya son sa.

Yanzu ga inda maganar ta fi wuya, kuma a nan zan ɗan daɗe. Shin a bar mutane su yi amfani da filin kafin aiki ya zo?

Ni dai na ce a bari. Fili a tsakiyar Fagge ba zai zauna fayau ba. Ko ka ba shi amfani da saninka, ko ya samu amfani ba da saninka ba. A jihar Fulorida ta Amurka, majalisar ƙasar ta amince da babban shirin farfaɗo da fadamar Everglades a shekarar 2000. Hukumar ruwa ta yankin ta sayi filaye masu yawa tun kafin ayyuka su iso kansu. Ba ta bar su haka nan ba. Ta ba da hayar wasu ga manoma da masu kiwon shanu, da sharaɗin za su tashi idan lokacin aiki ya yi. Mai haya yana kula da wurin, kuɗin haya kuma yana taimakawa wajen ɗawainiyarsa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san aron gona. Mun san hurumi, wanda kowa ke amfana da shi amma ba mai cewa nasa ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hukuncin filaye da yadda ake mallakarsu. Abin da ke ɓata aro a birni shi ne rashin rubutu. Shekara biyar ta wuce, wanda aka ara wa ya fara jin kamar gadonsa ne.

Saboda haka aro ya zo da sharaɗi, kuma a rubuce. Wa'adi gajere, wata shida ko shekara, ana sabuntawa. Ba siminti. Ba bulo. Ba haƙa harsashi. Duk abin da aka kafa ya zama wanda za a iya kwashewa a yini ɗaya. Ba a sayar da gurbi, ba a gadar da shi. Idan akwai kuɗin haya, a biya a asusun hukuma a karɓi rasit. Kuma a yi alkawarin sanarwa da wuri kafin a ce a tashi, domin mai neman abinci ya samu inda zai koma.

Zan maimaita. Ba siminti, ba bulo, wa'adi a rubuce.

Wane irin amfani ya dace? Filin ƙwallon yara. Wurin renon dashen itatuwa, darbejiya da zogale da mangwaro a cikin leda, waɗanda aikin gyaran kansa zai buƙata idan ya zo. Idan bakin rafi ne, a dasa jema, domin saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, tana riƙe gaɓa. Wane ne bai dace ba? Garejin da za a riƙa zubar da baƙin mai. Wurin fasa batir. Wurin ƙona taya ko waya don ciro ƙarfe. Waɗannan suna barin guba a ƙasa, su ninka kuɗin gyaran da ake jira. Ita kuwa tsakiyar hanyar ruwa, ko tebur bai kamata a kafa a cikinta ba.

Maganar guba ta kawo mu ga gargaɗi ɗaya da ba na so ya wuce ku. Ba kowane fili ne ake wa lambu ba. A bakin Jakara, wajen Kwakwaci da Gama, mutane sun daɗe suna noman rani da ruwan rafin. Latas, alayyafo, kabeji, karas. Sana'a ce mai ciyar da gidaje. Amma inda ruwan masana'antu ya gauraya, musamman na majemu, akwai sinadaran ƙarfe masu taruwa a ƙasa, ganye ya zuƙe su. Wanki ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga cikin ganyen. Don haka kafin a ce a yi lambu a filin da ya taɓa zama bola ko garejin batir, a ɗebi ƙasar a kai ɗakin gwaji. Jami'ar Bayero na nan kusa. Idan ƙasar ba ta da lafiya, a shuka abin da ba a ci.

Kada mu manta da Zamfara. A 2010 gubar dalma daga sarrafa ma'adinin zinariya ta kashe yara aƙalla 400. An tsabtace wasu ƙauyuka da wuri. Amma garin Bagega sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, saboda jiran kuɗi. Duk tsawon jiran nan yara suna wasa a kan ƙasar. Namu bai kai wannan ba, Allah Ya kiyaye. Amma ya nuna mana cewa idan wuri na da haɗari, killace shi da gargaɗin jama'a ba sa jiran kwangila.

Kashi na ƙarshe naka ne, mai sauraro. Kai da ke zaune kusa da irin wannan fili.

Idan dillali ya kawo maka wuri a bakin rafi, ko inda aka taɓa rusau, kuma kuɗin ya yi araha fiye da kima, ka dakata. Kada ka biya ko sisi sai ka je KANGIS da KNUPDA ka bincika. Takardar da aka rubuta a zaure ba ta soke abin da gwamnati ta riga ta karɓa.

Ka kuma san wannan. A ayyukan da Bankin Duniya ke ba kuɗi, akwai ranar rufe ƙidaya. Wato ranar da aka gama rubuta sunayen waɗanda aikin ya shafa, da abin da kowa ya mallaka. Duk wanda ya shigo ya kafa rumfa ko ya yi gini bayan wannan rana, ba shi da diyya. Wasu na zuga mutane su yi sauri su gina don a biya su. Alhaji, kada ka bari a yi da kai. Kuɗinka ne zai tafi.

Ku kuma matasan unguwa, masu ƙungiyoyin aikin gayya, kun saba fitowa yashe lambatu kafin damina. Ku sa filin nan a cikin lissafinku. Ranar tsabtar muhalli ta ƙarshen wata, ku kewaya shi. Ku ɗauki hotonsa da waya, ku ajiye da kwanan wata. Idan kun ga an sauke yashi ko bulo, kada ku yi faɗa da kowa, kada ku rushe da hannunku. Ku sanar da mai unguwa a ranar. Ku rubuta wa hukuma takarda, ku ajiye kwafi. Ku tambayi kansilanku da ɗan majalisarku: wace hukuma ce ke riƙe da filin nan, kuma nawa aka ware mata a kasafin bana don kula da shi? Idan ba a amsa ba, ku sake tambaya a wata mai zuwa.

A nan za mu dakata a yau.